Rob Ɗin Gwaggo a Wunin Biki

Gwaggo, yayar mahaifina, ta zo Umra daga Kano ina 'yar firamare, kuma Umrar nan ba ta ƙare ba har na yi aure na haihu. Ba ita kaɗai ba ce, rabin layinmu a unguwar Waziriyya ta Jidda masu irin wannan Umrar ne. Mijinta ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ta ce gara ta zauna kusa da ƙanenta da kuma Ɗakin Allah. Iƙama, takardar izinin zama, ba ta da ita, kafili mai tsaya wa baƙo kuwa ba ta san shi ba. Abin da ta mallaka hannuwa ne biyu masu ƙarfi, da baki wanda ya fi su ƙarfi.

Wankau take yi. Ta samu wani tsohon gida a Balad, tsohuwar unguwar cikin gari, irin dogayen nan masu tagogin katako, inda wata tsohuwar Balarabiya ke zaune a bene. 'Ya'yan tsohuwar duk sun tashi sun koma sababbin unguwannin arewa, ita kuwa ta ce ba inda za ta. Gwaggo ta yi shekaru tana yi mata wanki da guga. Larabcin Gwaggo a wancan lokacin, yadda muka ɗauka, bai wuce na "kawo" da "kai" ba, tsohuwar kuma ko sannu ba ta sani da Hausa ba. Amma idan Gwaggo ta dawo da yamma sai ta ba mu labarin hirar da suka sha tiryan-tiryan, har da ra'ayin tsohuwar a kan kowace matar ɗanta.

Ranar da 'ya'yan suka ci ƙarfin tsohuwar suka zo ɗaukarta, sai ta sa aka buɗe wani akwati mai warin kafur. Ta zaro wani abu a naɗe cikin farin ƙyalle, ta miƙa wa Gwaggo da hannunta. Gwaggo ta shigo gida da shi a rungume, ta sa na share tsakiyar falo, ta shimfiɗa zane, sannan ta warware.

Riga ce ta siliki, doguwa har ƙasa, launinta kamar madarar da aka ɗiga wa shayi. A buɗe take ta gaba, da 'yar siririyar ɗamara da wasu ƙananan maɓallai a ƙirji. Tun daga wuya har ƙasa an bi bakinta da leshi, hannuwanta kuma faffaɗa ne, leshin yana zubowa daga gwiwar hannu har ya rufe yatsu. Ba ta da nauyi ko kaɗan, za ka iya dunƙule ta a tafin hannu ɗaya. Ban taɓa ganin abu mai kyau irinta ba, kuma har yau da nake rubutun nan ban sake gani ba.

To, a wurin mutuniyar Kano leshi leshi ne. Manyan mata ke sa shi, kuma ranar babban biki. Gwaggo ta ɗaga hannun rigar ta duba a haske, ta ce duk kasuwannin Kano babu mai irin wannan saƙar. Nan take ta yanke hukunci cewa ba za ta sa ta ba sai ranar auren 'yar fari ta gidan nan, wato yayata.

Umma, mahaifiyata, haifaffiyar Jidda ce, haka ma mahaifiyarta. Turaren wuta da dabino take sayarwa, ta shiga gidajen Larabawa ba adadi. Ta yaba rigar da baki, sannan ta yafito ni kicin ta rufo ƙofa.

"Ya bint, rob ne," in ji ta, tana toshe baki da gefen mayafi. "Rob! Na zaman ɗaki. Shi mace take ɗorawa a kan rigar barci idan ta tashi."

Muka yi dariya har da hawaye, a hankali, don kada a jiyo mu. Lokacin yayata tana makaranta, aure yana can nesa, sai muka ce kafin nan Gwaggo ta manta. Ba mu faɗa mata ba, don a gidanmu ba a gyara wa Gwaggo magana. Yayar miji ce, matsayin uwar miji take da shi. Ita ta goyi Baba, kuma ba ta bari kowa ya manta da hakan. Da Umma ta kai wa Baba zancen, ya ce shi bai san kan kayan mata ba, ya ɗauki takalmansa ya tafi masallaci tun ba a kira salla ba.

Gwaggo ba ta manta ba. Ranar da aka sa ranar auren yayata, kafin baƙi su gama shan shayi har ta jawo akwatinta.

Dangin angon a unguwar Bagdadiyya suke. Hausawa ne, amma tun kakanninsu da suka zo da ƙafa suke nan, Hausar ta rage musu a tuwo da gaisuwa kawai. Mutanen kirki ne, sai dai suna da wani kallo da suke yi wa sababbin zuwa, kallon da ke farawa daga takalmi. Umma tasu ce ta wajen haihuwa, amma ta auri sabon zuwa, kuma ba su taɓa faɗa ba, ba su kuma taɓa mantawa ba. A gidansu za a yi wunin biki na mata, bayan la'asar. Tsoron Umma ɗaya ne: a yi mana dariya sau ɗaya a falon nan, 'yarta ta shiga gidan miji da ita a ka, ta yi ta ɗauka har ta tsufa. Ba tsoron banza ba ne. Akwai wata a danginsu da har ta yi jikoki ana tsokanarta da abin da ƙanwar uwarta ta yi ranar kai amarya.

Sai muka shiga dabara. Umma ta sayo atamfa mai tsada ta anko, ta kai ɗinki, ta kawo wa Gwaggo da ladabi. Gwaggo ta yi godiya, ta sa albarka, ta ce ta samu ta shiga kicin. Ni kuma na ce warin kafur ya kama rigar, zai hana mutane zama kusa da ita. Ta hau da ita saman soro ta shanya a inuwa, ta zauna gadi da carbinta har ta sha iska. Na sake cewa tsohon yadi ne, yana iya yagewa a tsakiyar taro. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce tana sarrafa siliki tun ban iya fyace majina ba.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai Umma ta tuna da wata madam da ke sayen turare a wurinta. Matar wani likita ce, kuma tana da wata irin lalura ta masu hali: tara tsofaffin tufafin mata. Duk Juma'a tana haraj, kasuwar gwanjo, tana tona tulin tsummokara da direbanta a baya. Umma ta taɓa shiga ɗakin da take ajiye su. Ta ce na'urar sanyaya ɗaki ba ta mutuwa a ciki dare da rana, alhali ba mai kwana a wurin sai riguna. Shawarar Umma mai sauƙi ce: madam ta zo ta gani, ta saye, kowa ya huta.

Ta zo kuwa, da wata doguwar mota da ta toshe layin gaba ɗaya. Ni aka sa tafinta, don Larabcina ya fi Hausata gudu a lokacin. Gwaggo ta warware farin ƙyallen. Madam ta buɗe jaka ta ciro farar safar hannu ta sa, kamar mai shirin karɓar haihuwa, sannan ta taɓa.

Ta daɗe tana jujjuya rigar. Da ta buɗe baki kuma sai ta kasa rufewa. Ta nuna mana cewa leshin ba na inji ba ne, da allura aka yi shi, shi ya sa furannin ba su zo daidai da juna ba, kuma wannan rashin daidaiton shi ne darajarsa. Ta juya maɓallan, kowanne an lulluɓe shi da silikin rigar. Ta nemo wani ɗan ƙyalle a cikin wuya mai rubutun da ya kusa gogewa, ta ce daga ƙetaren teku aka kawo ta a jirgin ruwa, kuma ta girmi Gwaggo. Ta ce tana da guda-guda irinta, amma duk sun sha wuya: wata asu ya ci, wata an yanke leshin an ɗinka a matashin kai. Wadda ta zo da ɗamararta da maɓallanta cif, ba ta taɓa riƙewa ba sai yau. Ta tambaya ko an taɓa wanke ta. Gwaggo ta ce ƙwarai, da sabulun wanki, ta kuma goge. Madam ta dafe ƙirji ta nemi ruwa.

Sai ta zo wurin da nake tsoro. Ta ce irin wannan rob ɗin a cikin kayan amarya yake zuwa, shi take sawa a ɗakinta da safe, daga ita sai mijinta sai mai kawo mata shayi. Gwaggo ta juyo ta ce me ta ce. Na dubi Umma, Umma ta dubi fankar sama kamar yau ta fara ganinta. In faɗa wa Gwaggo a gaban baƙuwa cewa shekara da shekaru tana tanadin rigar barci don zuwa biki? Ba da bakina ba. Na ce madam ta ce rigar amaren manyan gida ce.

"Ai na faɗa muku," in ji Gwaggo.

Madam ta taya. Abin da ta faɗa sai da ya sa Umma ta nemi wuri ta zauna. Gwaggo ko gezau. Ta ce in tambaye ta wa zai sa rigar idan ta saya. Madam ta ce ba mai sawa, haram a sa ta. Za a ɗora ta a kan wani gunkin katako marar kai, a rufe cikin kabad na gilashi, masu son gani su zo su gani.

"Ki ce mata ni ina da kai," in ji Gwaggo, "kuma ina da wurin zuwa."

Madam ta ƙara, Gwaggo ta fara naɗe ƙyalle. Da ta ga ba ci, sai ta koma roƙo. Ta ce to don Allah, in har sai an sa, kada a kusanci wuta da ita, kada ruwa ya taɓa ta, kada maiƙo, kada a ɗauki abu mai nauyi. Na fassara. Gwaggo ta tsaya da naɗin, ta ce in maimaita mata wannan wurin. Na maimaita. Ta gyaɗa kai, ta ce lallai matar nan tana da ilimi.

Dabara ɗaya ta rage wa Umma, kuma ita ce mai ƙarfi. Duk bikin da za a yi ko suna, daga Waziriyya har inda Hausawa suka kai, Gwaggo ce a gindin tukunya. Ba a gayyatarta, kiranta ake yi. Ita ce tuƙin tuwo, ita ce suyar waina, ita ce wanke-wanken ƙarshe. Sau da yawa sai an watse take tambayarmu wane kaya amarya ta sa. Dangin ango ma sun ji labarin hannunta, har uwar angon ta aiko cewa Hajiya ta zo da wuri ta kama musu. Umma ta amsa da sauri har da godiya. Lissafinta shi ne Gwaggo za ta shiga kicin da atamfa tun hantsi, kafin ta ɗago kai an yi magariba, rob yana cikin jaka bai ga kowa ba.

Ranar wuni muka shirya da wuri. Gwaggo ta ce mu yi gaba, tana tafe, akwai abin da za ta ƙarasa. Muka isa Bagdadiyya, aka yi azahar ba Gwaggo. Nama yana jira, shinkafar tuwo tana jira. Uwar ango ta leƙo ta tambaya, ta sake leƙowa. Aka yi la'asar, falo ya cika da mata, an fito da amarya an zaunar. Sai ga tasi a ƙofar gida.

Gwaggo ta shigo da sallama cikin baƙar abaya, ta gaisa da na bakin ƙofa, ba ta tsaya nan ta cire ba kamar kowa. Sai da ta kai tsakiyar falo. Ta zare abayar a hankali ta miƙo mini.

Gaskiya ta yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Ta sa doguwar farar riga a ciki don sutura, ta ɗora rob a kai ta ja ɗamara. Ta kafa ɗaurin ɗankwali irin na Kano, mai tsayi, ta sha lalle hannu da ƙafa, ga kwalli. Leshin yana bin ta kamar kumfar sabulu. Amma duk macen da ke falon nan, ban da 'yan layinmu biyu-uku, ta san abin da take kallo. Hira ta ɗauke ɗif. Can wajen 'yan mata wata ta fashe da dariya, ta mayar da ita tari. Na ji Umma a gefena tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta.

Uwar ango ta taso da murmushinta mai sanyi.

"Sabahul khair, ya Hajja. Ko mun tashe ki daga barci ne?"

"Lafiya lau na tashi," in ji Gwaggo. "Ina ne wurin zaman manya?"

Ba ta jira amsa ba, ta wuce ta zauna a kan matashin da ya fi kowanne laushi, kusa da kakar ango, ta baza hannuwan rigar a kan gwiwoyinta. Uwar ango ta sunkuya ta tuna mata, cikin ladabi, cewa tukunya tana jira. Gwaggo ta ɗaga hannuwa biyu, leshi ya zubo. Ta ce ai da ta so, amma wata babbar madam, matar likita, ta zo har gida da safar hannu ta kafa mata doka: ba wuta, ba ruwa, ba maiƙo, ba ɗaukar nauyi. Kayan tarihi ne. Ta nuna ni ta ce ga shaida nan, ni na fassara. Duk falon ya juyo kaina, ni kuwa na ce ƙwarai haka aka yi, don haka aka yi.

'Yan matan nan masu tari su aka tura kicin, da zinarensu da dogayen faratansu. Gwaggo ta sa aka kawo mata shayi, ta ce ya yi zafi, a fifita. Ta sa wata ta ɓare mata lemo, don kada ruwansa ya ɗiga. Ta kalli amarya son ranta, ta kalli kayan kowa, ta yi hira da kakar ango wadda kunnenta ya yi nauyi ba ta san ma me ake ciki ba. Da tuwo ya fito da gudaji, Gwaggo ta taɓa da yatsa ɗaya, ta ce ba laifi, a haka ake koyo. Wasu suka yi dariya, kuma wannan karon ba ita ake yi wa ba. Na leƙa ƙarƙashin mayafin yayata don na ga kafaɗunta suna rawa. Na tarar tana dariya tana kuka, ita kanta ba ta san wanne ya fi yawa ba.

Kada in yi ƙarya, abin da Umma ta ji tsoro ya faru. An yi shekaru ana ce wa yayata 'yar gidan mai rob. Sai dai duk wadda ta ɗauko zancen, sai wata ta ɗauko na tuwo mai gudaji, a tashi ba wanda ya ci wani.

Amma a ranar Umma ba ta san haka za ta kasance ba. Bayan magariba muka shiga tasi mu uku a baya, ni a tsakiya. Muna wuce Balad sai haƙurin Umma na shekaru ya ƙare.

"Hajiya, ki yafe ni, amma halas, sai na faɗa. Wannan ba rigar biki ba ce. Rob ne. Na zaman ɗaki ne."

"Na sani."

Umma ta juyo gaba ɗaya, har ta danne mini ƙafa.

"Shekara nawa na yi ina wanke su ina gogewa?" in ji Gwaggo. "Ni nake rataye wa tsohuwar nan nata a bakin gado. Kuma abin da madam ta faɗa na ji shi sarai, tun kafin wannan ta gyara shi." Ta zungure ni da gwiwar hannu.

"To don me, Hajiya? A gaban surukai?"

Gwaggo ta gyara abayarta a kan leshin, tana kallon titi.

"Cewa aka yi ta zaman ɗaki ce. Mace ta sa, ta zauna a ɗakinta, ba ta aikin komai, a kawo mata shayi. To ni ina ɗakin nawa? Yaushe na zauna?"

Ba da faɗa ta faɗa ba. Tausayinta ya kama ni. A falo Gwaggo take kwana tun zuwanta. Da asuba take naɗe katifarta ta tura bayan kujera kafin baƙin Baba su fara sallama, akwatinta kuma yana ƙarƙashin matakala tare da bokitai. Kullum muna gani, mun saba har mun daina gani.

Akwai wani ɗan ɗaki a bayan kicin inda Umma ke tara kwalayen turare da dabino. Bayan biki da 'yan kwanaki na dawo daga makaranta na tarar da kwalayen a jere a tsakar gida, Umma tana goge ƙasa da kanta, ta ɗaure kai da tsumma. Ba ta yi wa kowa bayani ba. Ta sa na kama mata muka shigar da katifa da akwati, ta kafa ƙusa a bango, ta rataya labule a ƙofa. Ɗakin bai fi a shimfiɗa katifa a buɗe akwati ba, kuma ƙamshin turare bai taɓa barinsa ba.

Da yamma Baba ya dawo, ya nufi ɗakin kai tsaye zai ɗebi dabino kamar yadda ya saba. Har ya kai hannu ga labule Umma ta tare shi.

"Ka yi sallama. Ɗakin Hajiya ne."

Ya dubi Umma, ya dubi labulen, ya yi sallama. Daga ciki muka ji ƙarar cokali a cikin kofi. Gwaggo ta amsa, ta ce ya ɗan jira, ba ta gama shan shayinta ba. Ya tsaya a wurin yana jira.